Ciyawar Aro

Ƙasar Tallow Bend ba ta shan ruwa. Baƙar laka ce mai taurin kai, wadda ta yi wa masu gonakin auduga arziki a zamanin da, ta bar wa jikokin bayinsu taɓo. Ka zuba mata bokiti guda da safe, ka dawo da la'asar, za ka tarar da ruwanka yana jiranka. To ina ga ruwan masai?

Gidaje goma sha ɗaya ne a layin su Earline Tolliver, duk na katako, kowanne da farin bututu da ya fito daga ƙarƙashin banɗaki, ya yi 'yan taku, ya saki kayansa a fili. Babbar magudanar gari ta tsaya mil biyu kafin layin, daidai inda gidan farar fata na ƙarshe yake, kuma duk faɗin jihar Alabama ba wanda zai ce maka da gangan aka yi. Gidan Earline shi ne a gangare, saboda haka na kowa a filinta na baya yake taruwa, ya kwanta baƙi ƙirin, kumfa a gefe, sauro a sama. In aka yi ruwa mai ƙarfi kuwa, abin ba ya tsayawa a waje. Ta bahon wanka yake dawowa, ya shigo ɗaki ba sallama.

Mijinta Cleophus, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya a injin yanka katako, ciwon suga ya riga ya ci masa yatsu biyu na ƙafar hagu, wurin kuma ya ƙi rufewa. Renita Gadsden, nas ɗin da ke zuwa wanke masa ciwon Litinin da Alhamis, ba ta iya kwana-kwana ba.

"Mis Earline, ni ciwo na iya wankewa, ban iya wanke fili ba. Muddin wancan abin yana nan, ƙudaje na tashi can suna sauka nan, ƙafar nan ba za ta kai baɗi ba."

"Ta tafi bana ma," in ji Cleophus. "Takalmi ɗaya ya fi araha."

"Rufe mana baki, tsoho," Earline ta ce, amma sai da ta juya musu baya kafin ta faɗa.

Renita ce ta cika takardu ta kai ofishin gunduma, tana roƙon a jawo magudanar ta iso layin. Shekara uku ke nan suna cikin jerin masu jira. Mutumin ofishin ya taɓa raɗa mata cewa jerin nan ba ya motsi sai wani babba ya yi tari a kansa.

Babba kuwa suna da shi, nan ne takaicin yake. Sanata Wendell Boatwright ɗan ƙanwar Earline ne, marigayiya Loretta. A gidan nan ya tashi tun yana ɗan shekara shida, a ɗakin da tagarsa ke kallon kududdufin, har ya sami gurbin karatu ya yi arewa, ya zama lauya, ya zama sanatan wata jiha mai dusar ƙanƙara. Yanzu ga shi yana neman jam'iyya ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa.

Kowace yamma Cleophus yakan ɗora ƙafarsa a kan kujera, ya kunna talabijin don ya sami abokin faɗa. A wannan tasha wani farin mutum na tambaya ko sanatan ba shi da ɓoyayyen fushi. A waccan wani baƙin malamin jami'a na cewa baƙin nasa bai nuna ba. In ya ɗaga murya a ce ga halin nan ya fito, in ya sassauta a ce ya sayar da 'yan'uwansa. Shi kuwa Wendell ya gane kan abin, ba ya ambaton baƙar fata sai ya jera manoma da masu haƙar kwal a gaba da baya, kamar mai ɓoye magani cikin tuwo.

"Goma sha bakwai," in ji Cleophus wata yamma. "Sau goma sha bakwai ya ce 'dukkan Amurkawa'. Earline, leƙa baya ki gano mana ko dukkan Amurkawa sun zo kwashe mana kashi."

"Kai dai ba ka da aikin yi. Ya ce Tallow Bend sau ɗaya, ka ga yadda za su yi masa ca. Sai ya shiga tukuna."

"Da zai shiga majalisa ma haka kika ce, sai ya shiga tukuna. Mu ma ai za mu shiga. Rami."

Wasiƙa uku ta rubuta wa Wendell a kan filin nan. Ta ƙarshen har da hoto ta sa, wanda Renita ta ɗauka bayan wani ruwa. Abin da ya dawo kati ne bugun inji, yana godiya da goyon baya. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ta sa katin cikin Littafi Mai Tsarki ta adana. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ranar wata Litinin, saura kwana takwas zaɓen fid da gwani na jihar Alabama, waya ta yi ƙara. Wata yarinya ce daga ofishin kamfen, mai magana kamar ana korar ta. Sanata zai zo gida ranar Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe, minti goma sha biyu cif, da 'yan jarida mota guda. Yana so ya zagaya da su gidan da ya tashi.

"Zagayawa kamar yaya, 'yata?"

"Gaba da baya, Mis Tolliver."

"Me zai yi a baya?"

"Wallahi ban sani ba, abin da aka rubuto mini ke nan."

Earline ta ajiye wayar. Ta sake kiran lambar har sau huɗu don a haɗa ta da Wendell ɗin, inji ne ke amsawa, yana gode mata da goyon baya.

Abin da ya faɗo mata a rai ba hoton da ta aika ba ne. Wendell ne ya faɗo mata, yana ɗan shekara goma sha ɗaya, shekarar da aka mai da shi makarantar cikin gari saboda ƙoƙarinsa. Wata rana motar makaranta ta sauke shi bayan an ɗauke ruwa, iska ta kwaso warin ta watsa cikin motar, yaran fararen fata suka toshe hanci suna ihu ta taga. Washegari malamar ajin ta matsar da kujerarsa bakin ƙofa, wai don ya sha iska. Earline ta same shi a banɗaki yana dirzar hannuwansa da soson ƙarfe har jini ya fito. Ya ce, "Anti, ki rantse ba wanda zai taɓa ganin bayan nan." Ta kuwa rantse.

Ranar Laraba bayan addu'a, coci ya koma majalisa. Renita ta miƙe da rigar aikinta.

"Jama'a, hoton nan ne! Ya gani, shi ya sa ya ce har baya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku bar filin nan yadda yake, duniya ta shaƙi abin da muke shaƙa."

Mista Purifoy, dattijon coci kuma mai gidan shirya gawa, ya gyara wuyan kwat ɗinsa. Mutum ne da ya binne rabin garin, don haka ba ya gaggawar magana.

"'Yata, in ya gani, me ya hana shi kira? Yaron nan shekara tara rabonsa da nan, ƙila yana tsammanin an gyara. Kuma ke yarinya ce, ba ki san mutanen nan ba. Ba za su ce dubi abin da aka yi wa bayin Allahn nan ba. Cewa za su yi, dubi yadda suke zaune, ga irin wanda kuke so ku kai fadar shugaban ƙasa. Su sa hoton a kowane talla har babban zaɓen Nuwamba."

"Uwata ta yi wa Turawa wanki shekara arba'in," in ji wata tsohuwa daga kujerar mawaƙa, "ba ta taɓa fita da tabo a riga ba. Talauci daban, ƙazanta daban."

"Ƙazantar wa?" Renita ta ce. "Mu muka tsayar da magudana a mil biyu?"

"Shi mai kallon talabijin a jihar Ohio ina ruwansa da mil biyu?" in ji Mista Purifoy.

Ku da ba ku zauna da mu ba, kada ku yi saurin yi musu dariya. Haka aka raine mu. In baƙo zai zo, balle farin baƙo, ko ɗan inshora ne ko matar ofishin tallafi, sai an share tsakar gida har a bar zanen tsintsiya, a fito da kyakkyawan mayafin tebur, a goge wa yara gwiwa da mai. Ba don burga ba. Don kakanninmu sun ga yadda ake karɓe wa mace 'ya'ya saboda an ga datti a ɗakinta. Rufin asiri shi ne garkuwar da aka bar mana gado.

Aka juyo ga Earline, tunda filin nata ne, ɗan ma nata ne. Ta dubi Cleophus, ya kafa mata ido yana girgiza kai a hankali. Ta dubi ƙafarsa da ke naɗe cikin farin bandeji. Ta san sarai abin da take aunawa, ƙafar mijinta a hannu ɗaya, yaron nan mai soson ƙarfe a ɗaya hannun.

"Ba a gidana za a kunyata shi ba," ta ce. "A rufe."

Renita ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta jira addu'ar rufewa ba.

Tabɗi, ka ga aiki! Abin da gunduma ta kasa a shekara uku, coci ya ɓoye shi a kwana biyu. Aka kafa doka, daga Alhamis ba mai sake zuba ruwa a masai a duk gidajen goma sha ɗaya, kowa ya tafi na coci. Wani ɗan coci mai tuƙa tifa ya kawo yashi har sawu uku. Aka sayo buhunan farar ƙasa don kashe wari. Aka bi bututu ɗaya bayan ɗaya ana toshe bakinsa da tsumma da siminti. Na Earline ne ya gagara, domin bakinsa ya daɗe da nutsewa a tsakiyar kududdufin. Maza uku suka yi sa'a guda suna caccaka da sanda ba su same shi ba, mai tifa kuma yana ta duba agogo.

Cleophus, wanda tun safe yake zaune a baranda, ya ce a miƙo masa ledar burodi guda biyu. Ya zura ƙafar mai ciwo a ciki, ya ɗaure da igiya, ya sa tsohon takalmin robarsa na injin katako.

"Ina za ka?" Earline ta ce.

"Ni na binne bututun nan shekarar da aka kawo mana yaron. Waɗannan sai su kwana suna wasa da sanda."

"Cleophus, ƙafarka."

"Ban yarda da abin nan ba, Earline, kin sani. Amma shekara hamsin ban taɓa barin ki cikin taɓo ke kaɗai ba."

Da ta riƙe hannunsa da ya zauna, ta san da haka. Ba ta riƙe ba. Ya shiga da sandarsa, taku bakwai daga kusurwar banɗaki, ya sunkuya ya lalubo bakin bututun ya toshe. Da ya fito ta cire masa takalmin, ashe diddigen robar ya tsage, ledar ta cika da baƙin ruwa. Ta wanke ciwon da ruwan gishiri sau uku, ta canja bandeji, ta roƙe shi kada ya gaya wa Renita.

Ranar Juma'a da yamma fili ya zama yashi fari tas, sai dai ya yi kama da abin da yake, wato abin da aka rufe jiya. Nan Mista Purifoy ya kawo tasa gudummawar. Ya zo da motar gawa, ya sauke korayen dardumai shida masu kama da ciyawa, irin waɗanda yake shimfiɗawa a kan tulin ƙasar kabari don kada masu makoki su ga laka. Aka jera su baki da baki, aka danne da duwatsu, aka kafa furannin roba a gefe. Mutane suka tsaya suna kallo, wasu har da tafi. Earline ma sai da ta ji wani daɗi ya ratsa ta, don tun da ta zo gidan nan amarya ba ta taɓa ganin filinta kore ba.

Asabar ƙarfe sha ɗaya saura, baƙaƙen motoci suka shigo layin a jere, da doguwar motar 'yan jarida a baya. Masu tsaro suka fara fitowa, da waya maƙale a kunne. Sai wani siririn farin mutum, Mista Kessler, shugaban kamfen, fuska a murtuke kamar wanda aka ɗura wa maɗaci. Sannan Wendell. Ya fi yadda yake a talabijin rama, furfura ta ci masa gefen kai. Ya rungume Earline har hularta ta coci mai ruwan hoda ta karkace.

"Anti," ya ce. Ya hau baranda ya kama hannun Cleophus. "Kawu Cleo, ya ƙafa?"

"Tana gaishe ka."

Wendell ya tsaya a kan matakala ya fuskanci kyamarori. Da ya buɗe baki, ba muryar talabijin ba ce ta fito, muryar layin nan ce.

"A gidan nan na tashi. Akwai abin da na yi shekara arba'in ina ɓoyewa, matata ma sai bara na gaya mata. Ana ta tambayata me ya sa ba na maganar inda na fito. To yau ba magana zan yi ba, nuna muku zan yi. Ku biyo ni. Ku kula da takalmanku."

Da Earline ta ji maganar takalma, sai ta gane kududdufin ya zo nunawa. Ta ga ya sa hannu a aljihun ƙirji ya zaro wani abu, ta kuma gane shi tun daga nesa. Hotonta ne, gefensa duk ya lanƙwashe saboda yawan riƙo.

Ya sha kwanar gidan, kyamarori na biye da shi, ya tsaya cak.

Kore shar. Tebur da farin mayafi a tsakiya, da tulun shayi mai ƙanƙara, da kek ɗin dankali guda huɗu. Furanni ja da rawaya. Matan mawaƙan coci su takwas a jere cikin fararen riguna, kowacce da murmushinta. Iska ba ta ɗauke da komai sai ƙamshin sabulu da ɗan ƙaurin farar ƙasa.

Wendell ya sa bakin takalminsa ya ɗaga gefen darduma ɗaya. Yashi ne a ƙasa, mai tsabta. Ya sake ta ta koma.

"Sanata, me za mu gani?" wata 'yar jarida ta tambaya.

Ya juyo ya dubi Earline. Tana iya ganin lissafin yana gudu a fuskarsa. Ya ɗaga hoton ya ce innarsa da tsofaffin cocinsu sun binne gaskiya, ya mai da su maƙaryata a idon duniya? Ko ya nuna hoton kududdufi yana tsaye a kan ciyawa, gobe abokan hamayya su ce ƙirƙira ya yi? A bayansa Mista Kessler ya saki wani dogon numfashi, fuskarsa ta warware kamar an yi masa albishir.

Wendell ya mai da hoton aljihu. Murmushin talabijin ya hau fuskarsa.

"Wannan," ya ce. "Ku dubi wannan fili. Mutane ne da ba su da komai, amma ba su taɓa miƙa wa kowa hannu ba. A nan na koyi cewa mutunci ba a saye, kuma darasin nan na dukkan Amurkawa ne."

"Ɗaya," in ji Cleophus daga baranda, yana ƙirga 'dukkan Amurkawa' a hankali.

Mawaƙa suka ɗauki waƙa. 'Yan jarida suka ci kek. Wendell ya ce a ba shi minti biyu da innarsa, ya ja ta kicin ya rufe ƙofa.

"Anti, me kika yi?"

"Asiri na rufa maka."

"Mako biyar ina faɗa da mutanena a kan minti goma sha biyun nan. Sun lissafa mini ƙuri'un da zan rasa a unguwannin fararen fata, na ce na ji na gani. Sau ɗaya aka ba ni, Anti. Baƙin mutum sau ɗaya yake da izinin nuna irin wannan. Ya sake, ya zama ɗan takarar baƙaƙe, an gama da shi."

"Waya ta ƙare a duniya ne, Wendell? Wasiƙa uku na rubuta maka."

"In na faɗa a waya zai fita kafin in iso, su ce shiri ne."

"To ai ga shiri nan ka gani." Earline ta matso gabansa. "Shekara tara kana majalisa. Hancin naka sai da kyamara yake jin wari? Kai ka sa ni na rantse, a banɗakin can, hannunka na jini."

"Ina ɗan shekara goma sha ɗaya, Anti."

"Ni kuwa ban san ranar da ka warware mini rantsuwar ba."

Ƙofa ta buɗe, Cleophus ne dafe da sanda, gumi na tsattsafo masa a goshi ko da yake garin da sanyi.

"Ku bar faɗan nan, ba shi da riba. Kai yaro, dawo da mutanen naka mako mai zuwa. An ce za a yi ruwa. Ƙasar nan ba ta iya riƙe sirri ba, da kanta za ta nuna musu."

Wendell ya sunkuyar da kai. Aka ƙwanƙwasa taga, Mista Kessler ne yana nuna agogo.

"Ba zan iya ba, Kawu. Yanzu duk ƙasa ta ga ciyawa." Ya juya wajen ƙofa. "Bayan zaɓe. Sai na shiga tukuna."

Earline ta ji maganarta a bakin wani, ta nemi kujera ta zauna.

Da yamma aka nuno filinta a kowace tasha. Farin mutumin nan mai neman ɓoyayyen fushi ya ce yau ya ga abin da ya kwantar masa da hankali, talakawa masu tsabta da ba sa ƙorafi. Malamin jami'a ya ce sanatan ya je har gida ya sha shayi bai ambaci talauci ba. Ranar Litinin Renita ta kira ofishin gunduma, mutumin ya ce ai sun ga wurin a talabijin, ba laifi, akwai layukan da suka fi shi buƙata. Garin neman gira an rasa ido, in ji Renita, amma ba a gaban Earline ta faɗa ba. Da ta zo ta kwance bandejin Cleophus a ranar, ta daɗe tana kallon ƙafar, sannan ta ɗago ta dubi Earline. Ta ce a tafi asibiti yanzu-yanzu.

"Gobe," in ji Cleophus. "An karya wa ubana haƙarƙari uku a bakin kotu saboda ƙuri'a. Sai na zaɓi ɗan banzan nan tukuna."

Da azahar ruwa ya sauko, bai ɗauke ba sai washegari. Yashi ya sha iya shansa, lakar ƙasa ta ƙi karɓa, baƙin ruwa ya tsattsafo ta tsakanin dardumai, furannin roba suka kwanta. Da yake an toshe bututu, na cikin gida ma bai sami hanya ba, ya dawo ta baho ya malalo har bakin ɗakin kwana. Earline ta tattare siket ta yi ta kwasa da bokiti, ba ta da inda za ta zubar sai inda ya fito.

Talata da safe aka ɗauki Cleophus cak aka sa a motar Renita, jikinsa kamar garwashi. Suka tsaya a rumfar zaɓe, aka kawo masa takarda har mota, ya cike ta da kansa. Earline ma ta shiga ta zaɓi Wendell, da hularta a kai. Daga nan suka yi tafiyar mil hamsin zuwa asibiti. Wendell ya lashe jihar a ranar, cikin kowane baƙaƙe goma takwas shi suka zaɓa. Ranar Alhamis aka yanke ƙafar daga gwiwa, amma dafin ya riga ya shiga jini. Cleophus ya cika ranar Lahadi da hantsi, daidai lokacin da ake waƙar buɗewa a coci.

Wendell ya kira da kansa, ba inji ba. Yana kuka sosai, yana cewa yana da muhawara a wata jiha ranar jana'iza, ya roƙe su su ɗaga sun ƙi. Earline ta saurare shi har ya gama, ta tambaye shi ko yana cin abinci. Ya aiko da furanni na gaske, tulin da ya fi ƙofar coci faɗi, sai da aka karkata shi kafin ya shiga.

Mista Purifoy ya yi aikinsa yadda ya saba, ba abin kushewa. A maƙabarta an kafa rumfa, an jera kujeru, an rufe tulin ƙasa da gefen kabari da koriyar darduma. Earline na zaune a kujerar gaba, fasto na karatu, sai idonta ya sauka a kusurwar dardumar. Akwai wani farin tabo a wurin, inda farar ƙasa ta ƙona koren. An wanke ta, an goge, amma da iska ta juyo sai da ta ji ɗan abin da ya rage a jikinta, warin da ta fi sani a duniya.

Ta miƙe tsaye a tsakiyar karatu.

"Ɗan'uwa Purifoy, yaye wannan."

Ya matso da sauri, yana magana ƙasa-ƙasa. "Haba 'Yar'uwa Earline, ba a binne mutum ana kallon laka. Ba mutunci ba ne, ga jama'a."

"Na ce ka yaye."

Bai motsa ba. Ta sunkuya da kanta ta kama kusurwar mai tabo, hularta ta faɗi cikin taɓo ba ta waiwaye ta ba. Dardumar ta yi mata nauyi. Renita ta fito daga cikin mutane ta kama ɗaya gefen, suka ja tare har ta zame gaba ɗaya. Ga laka nan baƙa, jiƙaƙƙiya, curi-curi da shatar shebur a jiki. A ƙasan kabarin kuma ruwa ya kwanta, ya kai tsawon hannu, yana jiran akwatin Cleophus.

"Ku duba," Earline ta ce, muryarta ta fashe. "Ku duba mana!"

Suka duba. Mutum arba'in da 'yan kai ne a wurin, duk 'yan layi da 'yan coci, ba wanda bai san ƙasar nan ba tun yana goye. Mai kyamara ko ɗaya bai zo ba.